A Cire Hoton Nan Kafin Ya Shiga Kalanda

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Ranar Tunawa da Marigayi Malam Nomau Mai Keke, na mazauna Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, kafin komai ina neman gafararka, da ta duk iyayena maza da mata da za su karanta wannan takarda. Na san ba tarbiyyarmu ba ce yarinya ta ɗauki biro ta rubuta wa abokin mahaifinta a gaban jama'a. Ni kuma ko a aji sai malama ta kira sunana sau biyu kafin in ɗaga kai. Sau huɗu ina rubuta wannan wasiƙa ina yagawa. Wannan ta biyar na nuna wa Umma da Abba, suka karanta, Abba ya gyara mini kalma biyu ya miƙo mini ba tare da ya hana ni ba.

Ina gaishe ka da kyau. Ina gaida Mama Hajiya da yara. Yaya aiki, yaya ɗalibai, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara lafiya.

Sunana Nusaiba. Shekaruna goma sha shida, ina ajin ƙarshe na sakandare, muna zaune a Danau Kota. Ni ce yarinyar da kwamiti ya zaɓa ta karanta tarihin Malam Nomau a zauren taro ranar Asabar, makonni uku da suka wuce. A gida Baba Dakta nake kiranka tun ina ƙarama, kuma ina roƙon ka bar ni in ci gaba da kiranka haka a nan, domin idan na ce Shugaba sai in ji kamar da wani baƙo nake magana.

Maganata a kan hoto ɗaya ce, wanda aka ɗauka a wannan rana. A cikinsa akwai wata uwa a cikin iyayenmu mata tana karɓar jakar kayan abinci. Ba zan faɗi sunanta ba, ko garinsu. Zan kira ta Anti, 'yarta kuma ƙawata. Na tura wa Anti abin da na rubuta ta hannun Umma kafin in fitar da shi, ta ce in fitar, amma kada in sa suna, kuma kada in faɗi abin da ke cikin tukunyarta. Na kiyaye duka biyun.

Na ɗaya: abin da kuka ba ni in karanta

An zaɓe ni ne saboda a cikin yaran nan ni ce nake iya karanta Hausa ba tare da na tsaya ina haɗa baƙi ba. Takarda ce shafi uku, kai da kanka ka rubuta ta. Na yi kwana ashirin ina maimaita ta a gaban madubi, da cikin jirgin ƙasa na LRT a zuciyata. Ina da shekara bakwai muka baro Najeriya, saboda haka akwai kalmomin da ban sani ba. Sai da na tambayi Abba mene ne rumbu, mene ne kuma aikin mai shela.

Na haddace abin da ke ciki. A wata shekarar fari an kawo hatsin agaji garinsu Malam. Tsarin hukuma a lokacin shi ne mai shela ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya riƙa kiran sunayen magidantan da rumbunsu ya ƙare. Wanda aka kira ya fito, ya cire takalmi da hula, ya durƙusa, a auna masa, ya yi godiya kowa yana kallo. Magidanta da yawa suka gwammace su zauna da yunwa a gida. Malam Nomau shi ne ma'aikacin da aka sa ya rubuta sunayen. Ya rubuta, amma da aka zo karɓa ya ƙi bayarwa. Aka kore shi daga aiki, aka kuma tsare shi.

Da ya fito sai ya kawo wata dabara. Ya sa a riƙa kai ƙwarya a rufe kowane gida, na mai hali da na marar hali. Mai hali ya ƙara a kai ya mayar, marar hali ya juye ya mayar da ƙwaryar a rufe da duk abin da ya samu, ko da ɗan gishiri ne. Wanda ya ga ƙwarya ta shiga ta fito ba zai san me ya faru a ciki ba. Sauran rayuwarsa kuma ya ƙarar da ita a kan keke, yana bin mutanen da aka tsare ba shari'a, yana kuma faɗa a kan sai an ba talaka benci ya zauna a kotu kamar kowa.

Baba Dakta, ban taɓa ganin Malam ba, hotonsa ma sai bana na gani. Amma na ƙaunace shi daga wannan takarda taka.

Na biyu: alkawarin da aka yi

Da kwamiti ya ce bana ba lacca kaɗai za a yi ba, za a tuna Malam da aiki, kowa ya ji daɗi. Aka ce da safe za a share masallacin unguwa, a dafa abinci a raba wa masu gadi da masu shara, sannan a taimaka wa wasu gidaje a cikinmu da abubuwa suka yi wa tsauri. Aka ce iyaye mata su faɗi sunayen a asirce.

A wannan zaman Umma ta kawo shawarar a yi yadda Malam ya yi. Ta ce ai mu nan dama mun saba, langa tana yawo a lif daga wannan hawa zuwa wancan, wannan ta aiko da ɗanwake, waccan ta mayar da cincin. A haɗa kayan a jaka iri ɗaya a kai kowane gida, wanda ba ya buƙata ya mayar ta bayan fage. Umma ta dawo gida tana murna, ta ce ka karɓi shawarar, har ka ce sunayen ba za su wuce mutum uku ba: kai, da shugabar mata, da ma'aji.

Ni ce na kai sunan Anti. Wannan shi ne laifina, kuma ba na so a ɗora wa kowa. Mahaifin ƙawata ya tafi gida gyara takardun tallafin karatunsa, abin ya ja lokaci fiye da yadda aka zata. Na lura da wani abu a makaranta lokacin cin abinci. Ba zan faɗe shi a nan ba, domin na riga na faɗi abin da ba nawa ba sau ɗaya. Na gaya wa Umma, Umma ta kai sunan.

Da muka je muka shaida wa Anti, ranta ya ɓaci. Ta ce ita ba ta nemi kowa ba, lafiyarta ƙalau, a cire sunanta. Umma ta yi ta ba ta haƙuri tana bayanin tsarin. Ni da ba na magana a gaban manya, ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Anti, wallahi ba wanda zai sani. Baba Dakta ne ya faɗa." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Nusaiba, tunda kin rantse."

Na rantse ne a kan maganarka, domin ban taɓa jin ka faɗi abu ya zama wani abu daban ba.

Na uku: abin da ya faru ranar Asabar

Zan fara da abin da ya yi kyau, don kada a ce ban gani ba. Mutane sun zo tun da safe, har daga Sri Petaling da yaransu. An share masallaci an wanke darduma. Na gan ka da idona ka naɗe ƙafar wando kana goge wurin alwala, kana ce wa su Abba su daina tsayawa kamar masu jiran bas. An zuba shinkafa da miya a robobin tapau, irin na tafi-da-gidanka, an kai wa masu gadi. Jakunkunan ma ni da Umma muka je shagunan Jalan Tuanku Abdul Rahman muka zaɓo yadinsu, mai kauri, don kada a ga abin da ke ciki.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ce babban baƙo ya iso, wanda ya zo taro daga Najeriya kuma shi ya ba da shinkafar. Daga nan tsari ya canza, ba a kuma gaya wa Umma ba. Daga baya na ji cewa jami'in yaɗa labarai na kwamiti ne ya ce bai kamata mutum ya ba da kaya ya koma gida bai ga inda suka shiga ba. Ban san ko an tambaye ka ba. Abin da na sani shi ne kana zaune a babban tebur.

Aka buga wa mata biyar waya. Ba a ce musu su zo su karɓi kaya ba. Abin da aka ce wa Anti shi ne ta sauko ana neman hannu wajen zuba abinci. Ta sauko da zanen aikinta da tsohon hijabi, ɗauke da bokitin zoɓo da ta haɗa, domin ba ta zuwa taro hannu biyu. Ta ajiye ta shiga cikin mata tana zuba miya.

Aka kira ni na karanta tarihin. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na zo wurin da Malam ya ƙi ba da sunayen, mutane suka yi kabbara. Na gama aka tafa mini, ka ce Allah ya yi mini albarka. Ina shirin sauka sai jami'in yaɗa labarai ya ce in tsaya a gefe, ya karɓi makirufo daga hannuna, ya zaro takarda daga aljihu ya fara kiran suna.

Matar Malam wane. Matar Malam wane. Haka ya yi ta kira har biyar.

Biyu daga ciki suka fice ta ƙofar baya. Uku suka fito, domin suna tsakiyar zaure kuma kowa ya juyo yana kallonsu. Anti ce ta farko. Ta goge hannunta a zane ta taho. Baƙo ya miƙa mata jaka, wadda aka manna wa hoton Malam Nomau a gaba. Mai ɗaukar hoto ya ce ta ɗaga jakar sama kaɗan, ta ɗaga. Ya ce a yi murmushi.

Baba Dakta, ina cikin hoton nan. Ina tsaye a hannun dama, riƙe da takardarka, kuma na yi murmushin. An ce a yi, na yi.

Zoɓon da aka sha a babban tebur bayan an gama, nata ne.

Na huɗu: inda hoton ya kai

Kafin la'asar an saka shi a zauren WhatsApp na 'yan ƙasa, an kuma saka a shafin kwamiti na Facebook. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa kwamiti ya tallafa wa mabuƙata a Malesiya. Mutane suka yi ta sa albarka, wasu suna turawa gaba don neman lada.

Kwana biyu kacal ya yi ya isa gidan surukan Anti a Najeriya. Yayan mijinta, wanda shi ne babba a gidan, ya kira ta. Ya ce an aiko masa da hoton matar ƙaninsa tana bara a ƙasar waje da tsumma a jikinta, kuma mutanen gari suna tsayar da shi a hanya suna tambaya. Ta yi masa bayani bai saurara ba. Ya yanke hukunci ta tattaro yara su dawo gida ƙarshen watan nan, tunda zaman ya koma haka. Mijinta ƙani ne, kuma a yanzu a gidan yayan nasa yake zaune, ba shi da bakin musu.

Ƙawata ajinmu ɗaya. Saura wata huɗu mu zauna jarabawar fita. Ita ce ta ɗaya a lissafi da kimiyya tun muna aji uku, ni ina bin bayanta da nisa. Idan ta tafi ƙarshen wata, ba za ta rubuta ba. A can kuma manhaja daban ce, sai dai ta koma baya, idan ma an mayar da ita makaranta da wuri. Wannan shi ne abin da ya hana ni yin shiru.

Washegarin taron Anti ta mayar da jakar. An same ta a bakin ƙofarmu, ɗaurin bakinta ma ba a kwance ba. A kanta akwai langar Umma da muka kai musu tuwo a cikinta ranar Alhamis. An wanke ta tas, babu komai a ciki. Shekara huɗu langar nan tana zuwa tana dawowa, ba ta taɓa dawowa haka ba, ko dabino uku ne sai an saka. Umma ta buɗe ta gani, ta mayar da murfin ta ajiye ta.

Ni da ƙawata da Turanci muke hira, kamar yawancin yaran nan. Hausa ta gaida iyaye ce da karatun Islamiyya. Ranar Litinin na same ta a tashar jirgi, na fara ba ta haƙuri. Ta bar ni na gama, sannan ta ce mini da Hausa, "Ke kika rantse wa Mamana." Ta wuce ta shiga wani tarago. Tun ranar ba mu zauna benci ɗaya ba. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma faɗa wa kowa a makaranta ba. Idan malama ta haɗa mu aiki tana yi, ta miƙo mini takarda ba tare da ta kalle ni ba.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya hukuncin wanda ya rantse abu bai tabbata ba. Ta yi mini bayanin kaffara, ta ce tunda ba ni da abin ciyarwa in yi azumi uku. Na yi. Hoton yana nan inda yake.

Na biyar: hanyoyin da muka bi kafin wannan

Ba na so a ɗauka da fitowa fili na fara.

Umma ta sami shugabar mata. Ta ce mata, "Haba Maman Nusaiba, ai alheri aka yi. Talauci abin kunya ne? Ta yi haƙuri mana." Umma ta ce ba a kan talauci take magana ba, a kan alkawari ne. Aka rabu a haka.

Abba ya tari jami'in yaɗa labarai bayan sallar Juma'a. Ya yi dariya ya dafa kafaɗar Abba ya ce, da “zai yiwu” irin na mutanen Malesiya, "Boleh, boleh, Malam, za a duba lah." Sannan ya ce baƙon ya ji daɗin hoton ƙwarai, kuma da irinsa ake samun wanda zai taimaka baɗi. Yau kwana goma sha biyu ke nan, ba a duba ba.

Ni kuma na tura maka saƙo ta wayar Umma. Alama ta nuna an karanta, amsa ba ta zo ba. Na san lokacin duba aikin ɗalibai ne, kuma saƙonni suna yi maka yawa. Ranar Larabar makon jiya na gan ka a kedai mamak, shagon abincin da ke ƙasan gininmu, kana shan shayi. Na zo har gabanka da niyyar in yi magana. Na durƙusa na gaishe ka, ka tambaye ni karatu, ka ce ranar nan na fitar da ku kunya. Na ce na gode, na tashi na tafi. Maganar ta ƙi fita. Shi ya sa na koma ga biro.

Abin da ya sa ban ƙara jira ba shi ne sanarwar da aka saka jiya, cewa kwamiti zai buga kalandar shekara mai zuwa da hotunan ranar, za a kai wa mai bugawa ranar Litinin, kuma za a aika da wasu gida. Na ga samfurin da aka saka. Hoton Anti ne a shafin farko, ƙarƙashin hoton Malam. Abin da ke waya ana iya gogewa. Kalanda kuwa a bango ake rataye ta shekara guda, a falo da shago, wataƙila har a garinsu.

Na san ba wanda ya tashi da niyyar cutar da ita. Na san kuma ana buƙatar masu bayarwa, kuma suna son ganin shaida. Amma akwai hotuna da yawa na ranar. Akwai na tukwane, akwai na jakunkuna a jere kafin a raba, akwai na yara suna ɗaukar darduma. Da ma an ɗauke ka a wurin alwala, da shi zan ce a saka. Ni dai na kasa gane yadda aka ba ni labarin mutumin da aka tsare saboda ya ƙi ba da sunaye in karanta, sannan ban ko sauka ba aka kira sunaye da makirufon da na yi karatun. Idan akwai bayanin da ƙuruciya ta hana ni gani, ina roƙo a yi mini.

Abin da nake roƙo

Na farko, a cire hoton daga shafin kwamiti da zauren WhatsApp, a kuma cire shi daga kalanda kafin Litinin, shi da na sauran mata biyun. Iyayena da suka tura shi gaba, ina roƙon kowa ya goge a inda ya tura.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma a wurina. Baba Dakta, ka kira yayan mijin Anti da kanka. Lambarsa tana wurin Abba. Ba zai saurari mace ba, ba zai saurari ƙaninsa ba, ni kuwa bai ma san da ni ba. Amma kai dattijo ne, malamin jami'a, kuma kai ne shugaban taron. Ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ba ƙari: cewa ba ta roƙi kowa ba, da aka kai sunanta ma ta ƙi, cewa an kira ta ne ta taya aiki, shi ya sa take cikin kayan aiki, cewa ta zo da nata a hannu, cewa ta mayar da jakar ba ta buɗe ba. Sannan ka roƙe shi ya bar yarinyar ta rubuta jarabawarta. Wata huɗu ne kawai. Abba ya ce a irin wannan gida magana ɗaya daga babba zuwa babba tana iya sauya hukunci, musamman idan babban ya fara da cewa kuskuren daga wajensu ne.

Na uku, a ba matan nan haƙuri, su biyar, har da biyun da suka fice. Amma don Allah kada a yi shi a taro, kada a kuma rubuta a zaure da sunayensu. A je gida, kai da Mama Hajiya, kamar gaisuwa.

Na huɗu ga duk mai karanta wannan ne. Idan ka gane wace ce Anti, kada ka kira ta ka jajanta, kada ki aika mata da komai a wannan makon. Idan kun haɗu a lif ku gaisa yadda kuka saba.

Na biyar, idan Allah ya kai mu baɗi, a koma tsarin da aka amince da shi tun farko, kuma idan za a canza a gaya wa waɗanda suka kawo sunaye kafin a canza. Ni dai ba zan ƙara kai sunan kowa ba, kuma na ji iyaye mata biyu suna faɗin haka a kicin ɗinmu. Ina tsoron baɗi za a tara kaya a rasa wanda zai yarda a san yana buƙata.

Ban rubuta wannan don in zubar da girmanka ba. Kai ka ɗauko mu daga filin jirgi ranar da muka sauka ƙasar nan, a gidanka muka yi makonmu na farko, Mama Hajiya ce ta koya wa Umma hanyar kasuwa. Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a ciki, rashin iya magana ne, ka yafe mini. Idan kuma na faɗi abin da ba haka ya faru ba, a gyara mini a gaban kowa, zan karɓa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri a kan hidimar da kake yi wa mutanenmu a ƙasar da ba tamu ba. Allah ya shirya maka zuriya, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah ya jiƙan Malam Nomau, ya haskaka kabarinsa. Allah ya dawo da mahaifin ƙawata lafiya da takardunsa a hannu.

Abu na ƙarshe, ina neman izininka in sake rubuto maka ranar Talata, a nan inda kowa zai gani. Idan an cire hoton kuma ka yi wayar, ina so in yi maka godiya a gaban mutanen da suka ga ƙorafina, ko da yayan bai sauko ba. Idan kuma ba a yi ba, zan sake roƙo ne kawai, domin ban san wata ƙofa ba bayan taka. Jiya na ga an fito da akwatuna biyu a barandarsu Anti ana shanya su a rana. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare.

Wassalamu alaikum.

'Yarka,
Nusaiba
Danau Kota, Kuala Lumpur